Shekarar da Inna Ta Daina Sa Kwalli

Azumin bana ya dawo bakin bazara, daidai inda na san shi ina yarinya. Tun goman farko zafi ya sauka a Kaduna ba sallama. In na tashi daga ofis a Doka bayan azahar, sitiyarin mota ba ya taɓuwa sai na naɗe hannu da gefen mayafi, kafin in kai gida Unguwar Dosa kuwa leɓena ya bushe ya tsage. Amma ba zafin ne ya hana ni sukuni ba. 'Yata ce, Ummi.

Ita ce ta fari, shekarunta goma sha biyu. A da in ta fara zuba labarin makaranta sai an roƙe ta ta ja numfashi. Azumi na kamawa da 'yan kwanaki bakin nan ya rufe. In an sha ruwa ta gutsiri rabin dabino, ta kurɓi kunu, ta ce ta ƙoshi. Ta ci faratanta har gefen yatsun suka yi jini. Kullum safiya ciwon ciki. Asabar da Lahadi ta ƙi zuwa Islamiyya, sai ta shimfiɗa darduma a lungun da ke tsakanin falo da ɗakin babanta ta zauna, in ƙaninta Sadik ya gifta ta wurin ta kai masa duka, yaron da a da ko hararar sa ba ta yarda a yi.

Ba abin da ban saƙa a raina ba. Na ce ko wani ne ya taɓa ta a hanyar makaranta, har na kasa haɗiye abinci ni ma. Na ce ko wani abu ta gani a waya. Na kai ta asibiti aka ɗebi jini, likitar ta ce jikinta kalau, in je in binciki abin da ke ranta. Ƙanwar maigidana ta ce a nemo mai ruƙiyya. Ni kuma da nake ganin na yi boko, na bi shawarar da na karanta a waya: wai ki zaunar da yaronki, ki kalle shi ido cikin ido, ki tambaye shi yadda yake ji. Na zaunar da ita a bakin gado, na zuba mata ido kamar mai gwajin tabarau. Ta kalli ƙasa ta ce, "Ba komai, Mama." Na sake tambaya, ta sake cewa ba komai, ta roƙi in bar ta ta je ta yi alwala.

Akwai abin da muke ɓoyewa a gidan, amma ko a mafarki ban haɗa shi da halin Ummi ba. Maigidana Kabiru yana da ciwon suga, kuma kafin azumi likita ya ce ciwon ya fara taɓa ƙoda, don haka bana ba azumi, ruwa da magani da abinci a kan lokaci. Malamin masallacinmu ya ce masa addini ya yarje, ya ciyar kawai. Kabiru ya yarda da likita, ya yarda da malam, amma bai yarda 'ya'yansa su sani ba.

"Da wane ido zan tashi Sadik sahur, ni kuma in sha ruwa da rana tsaka?" in ji shi. "Yara ba su san lalura ba. Abin da suka gani shi za su ɗauka."

Saboda haka yake tashi sahur tare da mu, da magariba ya riƙe dabino yana jiran kiran salla har da lumshe ido, kai ka ce ya fi kowa galabaita. Ranakun aiki ya ci a ofis bayan ya murza makulli. Asabar da Lahadi ni ke kai masa a ɗaki, faranti da kofin silbarsa a ƙarƙashin wanki cikin kwando. In na koma ɗaukowa sai in tarar babu su, in same su a kicin an wanke an kife. Har na ce a raina ciwo ya yi rana, mutumin da bai taɓa ɗauraye cokali ba ya koyi wanke-wanke.

Ranar wata Asabar ina kicin ina magana da ƙanwarsa a waya. Ta tambayi mai jiki, na rage murya na ce da sauƙi. Ina juyowa na ga Ummi tsaye a bakin ƙofa. Ba maganata take saurare ba, fuskata take karantawa, tana bin bakina da idona tana neman abin da aka hana ta. Na san kallon nan. Ni na taɓa yin sa, shekara talatin da wani abu da suka wuce, a wani tsakar gida a Badarawa.

A shekarar ina aji biyar na firamare. Gidan haya muke, ɗaki biyu da rumfar girki, mu da wasu iyalai uku muna raba rijiya ɗaya. Baba akawu ne a ma'aikatar gwamnati, yana da babur da yake gogewa kullum safiya kamar za a kai shi gasa. Ana saura kwanaki kaɗan a ga wata, ya fita ofis bai dawo ba. Da yamma ƙanin Inna, Kawu Idi, ya shigo suka yi ƙus-ƙus a ɗaki, Inna ta zari mayafi suka fita. Da ta dawo ta ce wa ƙannena an tura Baba rangadi ƙauyuka, sai bayan salla. Ƙannena ta gaya wa, ni ina gefe na tsinta.

Haka muke da Inna. Ni ce 'yar fari, kuma ita mutuniyar da ce, kunyar ɗan fari a wurinta ba abin wasa ba ne. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce "waccan", ni ce "'yar nan", in abin ya yi tsanani ni ce "ke". Ba ta kallona in akwai mutane, ba ta yi mini kitso, gidan wata makitsiya a bayan layinmu take tura ni. Ban taɓa jin haushi ba, don haka na ga ana yi. Sai dai uwar da ba ta kiran sunanka ba ka tare ta da tambaya.

Azumin ya shigo da zafin da har yau ban ga irinsa ba, ko kuwa don ƙuruciya ce. Famfon layinmu ya daɗe da ƙafewa. Rijiyar gidan ta ja baya har sai da aka ƙara wa guga igiya, kuma in ba ka yi sammako ba abin da za ka jawo rabinsa laka ne, sai an bar shi ya kwanta. Inna kan tashe mu sahur da ɗumamen tuwo da miyar kuka, a hasken fitilar ƙwai da aka rage wa lagwani saboda kananzir ya yi wuya. Ana idar da asuba ni da 'yan matan gidan mu yi layi a bakin rijiya, mu cika randuna, a jiƙa tsohon buhu a naɗe wa kowace randa don ruwan ya yi sanyi kafin magariba. Daga nan makaranta, a ajin da kwanon rufinsa ke ƙara ƙas-ƙas in rana ta take.

Da azahar gidan kan mutu. Kowa ya nemi siminti ya kwanta. Mukan jiƙa zani mu lulluɓa, kafin ka juya ya bushe ya yi tauri. Kaji su buɗe baki su saki fukafukai a ƙarƙashin rumfa. Wani lokaci hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, mata su fara kwashe shanya suna murna, sai iska ta zo ta watsa shi, ta bar mu da gumi da ƙaiƙayin ƙuraje a wuya.

Da la'asar aiki ke tashi. Inna ta surfa gero, ni in jiƙa tsamiya in tace, in ɗauki waken da aka wanke in kai inji, in tsaya a layi cikin ƙarar da ke shiga har haƙori, ƙanshin markaɗen attarugu yana murɗa mini hanji. Matan gidan kan haɗa wuta ɗaya da kasko ɗaya saboda itace da mai, wannan ta soya nata ƙosan ta ba waccan wuri. Ƙanƙara kuwa sai an yi sa'a. Akwai wani gida mai firij a bakin titi, in an kawo wuta ranar za ka samu ɗan dunƙule, ka naɗe shi a tsumma ka rugo, rabinsa ya ƙare a gaban rigarka. A shekarar nama ya ɓace daga miyarmu, sukarin kunu ya koma sai dai a nuna masa kofin. Duk wannan bai dame ni ba, gidajen da ke kewaye da mu ma haka suke.

Abin da ya dame ni a zaure yake. Wata safiya na ga an jingina wani abu a lungu an rufe da tsohuwar tabarma. Na ɗaga gefenta. Babur ɗin Baba ne, fitilar ta fashe, ƙahon ya lanƙwashe, kuma an cusa takalminsa ƙafa ɗaya a ƙarƙashin sirdin. Na mayar da tabarmar yadda na same ta. Na tsaya ina tunanin yadda mutum zai tafi rangadi da takalmi ƙafa ɗaya.

Daga ranar na zama mai gadin fuskar Inna. Na lura ta daina sa kwalli, ita da ko kasuwa ba ta aika mu sai ta rambaɗa shi. 'Yan kunnenta suka bar kunnenta. Lallen ƙafarta ya goge ba ta sake ba. Zani ɗaya take ɗaurawa, wani mai ruwan toka. Mata suna ta shigowa da rana, su zauna a ɗaki su yi magana ƙasa-ƙasa, in na shigo da moɗar ruwan alwala su yi tsit, wata ta ce, "Allah sarki, ga babbar." Kuma kullum kafin magariba Inna ta zuba tuwo da kunu a kwanonin samira, ta ɗaure da ɗankwali, Kawu Idi ya ɗora a keke ya tafi da su.

To, ni na san wannan duka. Shekarar da ta gabata mijin maƙwabciyarmu ya rasu, kuma na ga yadda ta yi takaba: ba kwalli, ba lalle, ba ɗan kunne, mata na zuwa gaisuwa, ana fitar da abinci sadaka. Na haɗa ɗaya da ɗaya. Baba ya mutu a hanya, an binne shi a can, ana jira a yi salla kafin a gaya mana don kada a ɓata mana azumi. Ban yi shakka ba ko kaɗan. Yaro in an hana shi labari ba zama yake ba labari, nasa yake ƙerawa, kuma nawa ya zauna daram.

Ban gaya wa kowa ba. Na ga tunda manya sun yanke a ɓoye, aikina ne in taya su. Ƙannena suna tsalle suna lissafin tsarabar da Baba zai kawo daga rangadi, ni ina ce musu e, zai kawo. Ban yi kuka ba, don in na yi Inna za ta gane na sani, kuma na ga nauyin da ke kanta ya isa. Amma tuwo ya daina wucewa. Da sahur in tura nawa gaban ƙannena, da magariba in sha ruwa kawai in ce kunun ya ishe ni. Aka yi ta yabona, wai 'yar fari ta girma, tana azumi ba raki.

A goman tsakiya abin ya kai ni ƙasa. Ina jan guga da safe, na leƙa rijiyar na ga ɗan hasken ruwan can ƙasa yana juyawa, sai na ji kamar shi ke jawo ni. Igiyar ta zame tana ƙona mini tafi. Wata matar gidan ce ta cafko zanina ta baya, muka faɗi tare a kan laka. Na farfaɗo ana yayyafa mini ruwa, mata na cewa azumi ne ya fi ƙarfinta, a ba ta koko. Inna na tsaye can baya da goyon autanmu Bala, ba ta matso ba. Amma na ga hannunta ya damƙe bakin zaninta har jijiyoyi sun fito.

Da la'asar ranar, lokacin da ya kamata a ji taɓarya, sai Inna ta jingine ta. Ta ɗauko kujera 'yar tsugunno da kibiya da man kitso, ta zauna a inuwar rumfa, ta nuna mini ƙasa tsakanin ƙafafunta da haɓa. Na zauna na ba ta baya. Ta fara tsefe mini kai. Ban taɓa jin hannunta a kaina ba tun da na yi wayo, kuma gaskiya hannun ba na kitso ba ne, ja take kamar mai cire ciyawa.

Can sai ta yi magana, amma ba da ni ba. Da Bala take, wanda ke bayanta yana tsotsar yatsa, ko "Inna" bai iya faɗa ba.

"Bala, ka tambayar mini yayarka. Me aka yi mata a gidan nan ta daina cin abinci?"

Na sunkuyar da kai. Ta tsaga wani layin, ta shafa mai.

"Ka ce mata ba na ganin fuskarta, ita ma ba ta ganin tawa. Ta faɗi abin da ke cikinta."

Turmi ne a gabana, shi na kalla. Na ce, "Yaushe za ki gama takaba?"

Hannun ya tsaya. Can sai na ji wani abu mai ɗumi ya ɗiga a bayan wuyana.

"Bala," ta ce, "ka gaya mata ubanku yana nan da ransa. Mota ce ta buge shi, ƙafa ta karye, yana kwance a asibiti. Tuwon da kawunku ke ɗauka shi ke cinye shi, har yana aiko mini da ƙorafin gishiri." Ta ja hanci. "Ka gaya mata likita ya ce zai taka, amma zai daɗe, kuma wataƙila da ɗingishi har abada. Ni ma tsoro nake ji. Shi ya sa ba ta ga kwalli ba."

Wannan na ƙarshen ne ya sa na yarda da ita. Da cewa ta yi komai lafiya lau, da na ɗauka wani rangadin ne aka sake ƙirƙiro mini. Na kifa kai a gwiwarta na yi kukan da na tara, ita kuma ta ci gaba da kitsa gefen da hannunta ke kaiwa, tana ce wa Bala ya ce mini ya isa.

Washegari ta tafi da ni asibiti. Ba a barin yara shiga ɗakin, sai ta zagaya da ni ta baya, ta ɗaga ni na kama ƙarfen taga. Ga Baba, ya rame, gemu ya fito, ƙafarsa cikin farin filasta an rataye ta sama. Ya juyo ya gan ni, ya ƙura wa kaina ido.

"Rabi, wa ya yi miki wannan karkataccen kitso?"

Daga ƙasa na ji Inna ta yi tsaki. Zafi bai ragu ba ranar, ruwan sama ma sai bayan salla ya sauka. Amma da magariba na cinye tuwona na sa hannu a na ƙannena. Baba ya dawo da ɗingishinsa, ya yi shekaru yana yawo da shi har ya ga auren Bala.

Duk wannan ya dawo mini a tsaye a kicin, waya a hannu, Ummi ta riga ta bar bakin ƙofa. Ni da na yi alkawari ba zan yi wa 'yata kunyar fari ba, ina kiran sunanta har da na shagwaɓa, ina rungume ta a gaban kowa, ga shi gidana da firij da fanka mai aiki da hasken rana, amma yarinyar tana yawo da irin idon da na yi a Badarawa. Tsoro ya kama ni sosai, domin na san inda nawa ya kai ni, kuma ban san wace rijiya ke gabanta ba.

Da la'asar na ce mata ba za a je shagon kitso ba wannan makon, ni zan yi. Ta dube ni da mamaki, don ta san hannun Inna na gada. Na zauna a kujera a baranda, ta zauna a ƙasa ta ba ni baya. Na fara tsifa. Ban tambaye ta komai ba. Ba ni da goyon da zan aika, sai na ba ƙeyarta labarin babur da tabarma da takalmi ƙafa ɗaya, da yadda na yi wa mahaifina zaman makoki yana can yana ƙorafin gishiri. Ta ɗan yi dariya ta hanci, dariyar farko da na ji tun shigowar wata. Daga nan na ci gaba da taje mata kai.

"Mama."

"Na'am."

"In mutum ya sha azumi da gangan, 'yarsa za ta iya yi masa kaffara?"

Na dakata da tsifar. Na ce, "Wa ya sha azumi?"

Kafaɗunta suka fara girgiza. Maganar ta fito a gutsure. Ranar Asabar ta farko ta je kai wa Abba cajar waya, ƙofar ba ta rufu sosai ba, ta gan shi yana shan ruwa, ga faranti a gabansa. Da magariba kuma ta ga ya riƙe dabino yana addu'a tare da mu. A Islamiyya an koya musu hukuncin wanda ya sha da gangan. Tun ranar take zama a lungun nan don kada Sadik ya gani. In Abba ya shiga wanka sai ta lallaɓa ta kwashe kayan.

"Ni nake wanke kofin," ta ce. "Don kada ki gani. Na ɗauka ba ki sani ba. Na ce in kin sani za ki tafi gidan Inna ki bar mu. Kuma in ya mutu a haka, Mama, ina za a kai shi?"

Na rasa inda zan sa kaina. Yarinya tana ɗauke da lahirar ubanta da auren uwarta a cikin da ba komai sai rabin dabino, mu kuma muna can muna yaba wa kanmu iya ɓoyo. Na gaya mata komai: sugan, ƙodar, abin da likita ya ce, abin da malam ya ce, da cewa ni ke kai abincin a ƙarƙashin wanki. Na ce Allah da ya wajabta azumi Shi ya ɗauke wa mara lafiya, babanta bai saɓa ba, kunya ce kawai ta yi masa yawa.

Sai ta ce, "Zai mutu?"

Saura kaɗan in ce mata kowa ma zai mutu, irin amsar da muke rufe bakin yara da ita. Na haɗiye. Na ce, "Ciwon ba ya warkewa. Amma ana zama da shi shekara da shekaru in ana kiyayewa, kuma ruwan da kika ga yana sha, kiyayewar ke nan. Ni ma ina jin tsoro wani lokaci. Ranar komawa asibiti za ki bi mu, ki tambayi likitan da bakinki."

Ta jingina kanta da gwiwata. Kitson bai ƙare ba ranar, da rabin kai a tsefe ta sha ruwa. Ta ci ƙosai uku, ina kallo ta gefen ido ina yi kamar ban gani ba.

Bayan an sha ruwa na sami Kabiru a ɗaki na ce masa Ummi ta sani. Ransa ya ɓaci nan take.

"Na ce miki kada su sani, Rabi. Magana ɗaya na roƙe ki."

"Ba ni na gaya mata ba, Abban Ummi, idonta ne. Kuma abin da ta sani ya fi gaskiyar muni. Wa kake tsammani yake wanke maka kofi?"

"Ba ke ba ce?"

Na girgiza kai. Na gaya masa tambayar kaffarar, da tambayar inda za a kai shi. Ya zauna a bakin gado, ya cire hula ya riƙe ta a hannu yana juyawa. Yana nan zaune a haka har aka kira isha.

Ba zan ce komai ya warware ba. Faratan nan har yanzu ba su tsira daga haƙoranta ba, kuma in babanta ya yi tari sau biyu sai ta ɗago kai. Na yi magana da malamar da ke ba su shawara a makaranta, za su riƙa zama. Ni ma ban daina leƙa farantinta ba, kuma kitson ranar Asabar ya zama nawa, duk karkacewarsa.

Amma washegari Lahadi, rana na tsaka, ina falo ina tsince shinkafa, sai ga Kabiru ya fito daga ɗaki da ledar magungunansa. Ya zauna a kujerar da ke tsakiyar falo, inda duk mai wucewa zai gan shi. Ya yi gyaran murya har sau biyu. Da yake sunan mahaifiyarsa Ummi ta ci, ya kira ta yadda ya saba.

"Mamana, kawo mini ruwa in sha magani. Likita ya hana ni azumi bana."

Sadik ya saki baki yana kallonsa. Ummi ta tashi ta shiga kicin, ta dawo da kofin silbar a cike, ta durƙusa ta miƙa masa. Ba ta koma ta zauna ba, ta tsaya a kansa har ya shanye, ta leƙa cikin kofin ta tabbatar. Sannan ta karɓa ta ajiye shi a kan teburin tsakiyar falo, ta koma kan littafinta.

Ni ba na iya ganin kofi mai datti a falo, duk gidan an san ni da wannan. Ranar har aka kira magariba yana nan a wurin, ban taɓa shi ba.